Idan Kwamfuta Ta Ƙi Shaida Katin da Aka Zura Mata

Idan ka zura katin ExpressCard ko na CardBus a gefen kwamfutarka ta tafi-da-gidanka, amma Linux ta yi gum kamar ba a kawo mata baƙo ba, to kada ka yi gaggawar yanke wa katin hukunci, domin galibi illar ba a jikinsa take ba.

Da farko ka zare shi, ka haska ramin da tocila, ka hure ƙurar da ta maƙale, gama ramin CardBus allurai 68 gare shi, in ɗaya ta lanƙwashe al'amari ya tsaya. Sa'an nan ka mayar da shi, ka rubuta umarnin dmesg, ka yi nazarin layukan ƙarshe, waɗanda su ne hujjar abin da kernel ɗin Linux ya gani, kana ka jarraba lspci da lsusb, saboda ExpressCard ta hanyar PCI Express ko USB yake magana.

In babu alama, ka kashe na'urar, ka kunna ta da katin a ciki. Muddin ya bayyana, in katin ExpressCard ne, to mai yiwuwa matsalar tana wajen pciehp, mai karɓar katin da aka zura ana tsakiyar aiki. Na CardBus kuwa, wajibi ne ka tabbata an loda direban yenta_socket. Allah Ya sa a dace.