Lamba 91 da ke murfin tankinka ba irin 91 ɗinmu ba ce

A tsakiyar zafin bazara wani matashi ya shigo garejina da Mercedes C300 ƙirar 2016, wadda bai fi wata biyu da sauke ta daga Amurka ba. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Oga, motar nan da asuba doki ce, da azahar jaki. Ga shan mai kamar tankin ya huje." Na jona kwamfuta, babu laifin da ta nuna. Muka hau titi da misalin ƙarfe biyu na rana, na ce ya taka totur sosai, sai na ga ƙwaƙwalwar motar tana ta ja da lokacin tartsatsin fulogi baya. Da muka dawo na buɗe murfin tanki na nuna masa rubutun da ke ciki. Ya ce, "Ai na gani, 91 ne, kuma an ce man ƙasar nan ma 91 ne." Nan gizo yake saƙar, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan bayani, don ba shi kaɗai ba ne.

Lambar nan ta oktan ce, kuma oktan ba ƙarfin fetur ba ne, kamar yadda mutane da yawa suka ɗauka. Juriya ce: iya matsi da zafin da mai zai ɗauka a cikin silinda ba tare da ya kama da kansa ba. A injin da ke lafiya, fistin ya matse mai da iska, fulogi ya kunna, wuta ta bi ta cinye su a tsanake. Idan man ba shi da juriya, wani ɓangare nasa sai ya fashe tun wutar ba ta iso ba, ya daki kan fistin kamar guduma. Ita ce ƙarar nan mai kama da tsakuwa a gwangwani da ake ji in an taka mota a hawa. Turawa suna ce mata nokin, amma kada a haɗa ta da nokin ɗin da muke faɗa a gareji in inji ya buga ya tsaya cak. Sai dai in aka ƙyale ta, can take kaiwa.

To, ma'aunin oktan iri biyu ne. Turai da mu nan muna bin wanda ake kira RON. Amurka da Kanada kuwa suna haɗa RON da wani gwajin mai tsanani, MON, su raba biyu, shi ne lambar da suke mannawa a famfo: 87, 89, 91 ko 93. Tazarar da ke tsakanin ma'aunan biyu maki huɗu ce zuwa biyar. Wato 87 na Amurka yana daidai da 91 ko 92 namu, 91 nasu kusan 95 ne, 93 nasu kuma ya kai 98. Ƙa'idar fetur a Najeriya ta sa RON 91 a matsayin mafi ƙaranci, kuma mafi yawan gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa, babu zaɓi. Saboda haka man da muke sha shi ne wanda Ba'amurke yake ɗauka mafi araha a gidan mai. Motar wancan matashi tana neman 95 a lissafinmu, ana ba ta 91.

Me ya sa Camry da Corolla ba sa kuka? Domin injinsu da kansa yake zuƙar iska, kuma don man 87 aka ƙera su. Turbo kuwa, irin wadda ke motar wancan matashi, fanka ce da hayaƙin salansa yake juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, tana ɗura wa silinda iska da ƙarfi. Da haka ƙaramin inji mai lita 2 yake yin aikin babba. Amma iskar da aka matse zafi take yi, kuma zafi da matsi su ne abokan gabar mai maras juriya. Akwai wani ɗan lagireto da aka sa don sanyaya iskar kafin ta shiga inji, sai dai da iskar waje yake sanyayawa. A Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, ma'aunin zafi ya haura 40, kwalta tana turiri, ga gosulo, ga esi a kunne: da me zai sanyaya? Shi ya sa dokin asuba yake zama jakin azahar.

Injinan zamani suna da kunne a jikinsu, wata 'yar sensa da ke sauraron wannan ƙara. Tana ji, ƙwaƙwalwa sai ta jinkirta tartsatsi, ta rage matsin turbo, wani lokaci ta ƙara mai don sanyaya silinda. Injin ya tsira, amma da tsada: ƙarfi ya ragu, direba ya ƙara taka totur don ya cike giɓin, mai ya ƙara tafiya. Kuma wannan kariya tana da iyaka. Na sha buɗe injin da gefen fistin ɗinsa ya tsage a wajen ramin ringi, mai motar yana rantsuwa bai taɓa jin wata ƙara ba. Ina zai ji, gilashi a rufe, kiɗa yana tashi?

Ba kowace mai turbo ce ke da wannan buƙata ba, kuma wannan ya kamata mai niyyar saye ya sani tun kafin ya tura kuɗi Kwatano ko Legas. Honda Accord ta 2018 mai injin 1.5 an yi ta ne ta sha 87 na Amurka, don haka manmu ya ishe ta. Ford Mustang mai injin 2.3 tana karɓar 87, amma ƙarfin doki 310 da ake tallarta da shi, da man 93 aka auna. Subaru WRX da ƙananan BMW da Mercedes masu turbo duk mai na sama suke so. Abin dubawa a littafin motar shi ne ko an ce an fi so a zuba mai na sama, ko an ce dole ne. Tsakanin kalmomin nan biyu akwai kuɗin inji guda.

Sai batun 'yan kwalaben ƙarin oktan da ake sayarwa a shagunan kayan mota. Da yawansu in sun rubuta cewa suna ƙara maki huɗu, ana nufin huɗu cikin goma na lamba ɗaya: 91 ya koma 91.4. Wasu kuma suna ɗauke da sinadarin manganis, wanda ke barin jan datti a kan fulogi. Ban hana wanda ya samu na kirki ya yi amfani da shi ba, amma ban taɓa ganin kwalba ta mai da man jarka ya zama na gasar tsere ba. Man bumburutu dai haramun ne ga mai turbo. Ɗan kalanzir kaɗan in ya shiga, oktan ya faɗi warwas. Wanda ya tuna gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya san abin da mugun mai yake yi wa mota.

Game da shan mai, lambar da dillali yake nuna maka a intanet ta mil ce a kan galan na Amurka. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, galan kuma lita 3.8, don haka 30 nasu kusan kilomita 12 da rabi ne a lita. An auna wannan ne da man da ya dace, ba a cunkoson kasuwa ba. Ƙaramin injin turbo yana tsimi ne muddin ƙafarka tana da sauƙi. Ka matsa masa, zai sha kamar mai silinda shida.

Horon sabon inji kuwa, mutane suna ganin bai shafe mu ba tunda motocinmu na hannu ne. Ya shafe mu duk ranar da aka buɗe inji aka sa sabon ringi. Bangon silinda yana da wasu siraran zane masu gicciye, su ne suke goge ringi har ya zauna daram, kuma matsin ƙonewar mai ne yake tura ringin ya manne da bango. Don haka al'adar nan tamu ta barin mota a kunne a gareji yini guda wai inji ya saba, ɓarna ce: babu matsi, bangon ya yi santsi, motar ta fara cin baƙin mai tun tana amarya. Kamfanin Subaru ya ce kilomita 1,600 na farko kada a wuce juyi 4,000 a minti. BMW ya ce kilomita 2,000, kada a wuce 4,500. Ni abin da nake gaya wa masu mota shi ne a yi ta tafiya ana sauya gudu, kada a kafe a kan gudu ɗaya daga Kaduna har Abuja, kada a taka totur har ƙasa, kada kuma a bar mota a babbar giya tana nishi a hawa. Bayan kilomita 1,000 a juye baƙin mai, a zuba mai alamar API SP, wanda aka fito da shi a 2020 saboda irin waɗannan injina.

Matashin nan dai mun wanke masa lagireton iska, wanda ƙurar hunturu ta toshe, muka sa fulogin da kamfani ya ce, na roƙe shi ya riƙa shan mai a gidan mai ɗaya da ya yarda da shi, ya daina tsere da rana tsaka, in ya yi doguwar tafiya kuma ya ba injin minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe. Motar ta samu sauƙi, amma ba ta koma yadda take a Amurka ba, kuma na faɗa masa ba za ta koma ba.

Don Allah, kafin ka biya kuɗin mota mai turbo, buɗe murfin tanki ka karanta. In daga Amurka ta zo, ƙara huɗu a kan lambar da ka gani.