Yadda Ake Ɗora Famfon Sitiyarin Babbar Mota a Kan Tsohuwar Land Cruiser

Duk wanda ya taɓa murza kan tsohuwar Land Cruiser a cikin rairayi, ga manyan tayoyi ga kaya, ya san ciwon kafaɗa. Irin waɗanda Toyota ta ƙera daga 1960 zuwa 1984, da yawansu ba su zo da famfon sitiyari ba, ƙarfin damtse ne kawai. Masu su kuwa, 'yan cin kasuwannin ƙauye da masu shiga daji, gara su rabu da komai da su rabu da motar. Shi ya sa aikin nan yake zuwa garejinmu jefi-jefi.

Abin da ke kawo sauƙi shi ne dangantaka. Injin gas na 3B, mai lita 3.4, da ke cikin wasunsu, irinsa aka sa wa wasu Dyna da Coaster. Don haka in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano, famfon babbar mota za ka nema, ɗan Beljiyam. Abu biyu za ka duba kafin ka biya. Na farko, ya zama mai fuli ne, wanda bel ke ja, domin wasu da haƙoran giya suke juyawa daga jikin inji. Na biyu, ɓangaren da yake juyawa ya zo ɗaya da na injinka. In ya saɓa, ko ɗigon mai ba zai tura ba. Kar ka manta, famfo shi kaɗai ba ya aiki, sai da akwatin sitiyari mai amfani da mai. Mu na Land Cruiser samfurin 60 muke sawa.

Kwance lagireto da share wuri, wannan aikin yara ne. Altaneta kuwa a bar ta inda take, don a bayanta famfon iskar birki yake. Sai bireket: a yanka kwali a gwada, a kai wa mai walda ya fitar da shi a ƙarfe mai kauri, ya ɗan ɗiga wuta kawai. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin inji da na famfo, a ga sun kwanta layi ɗaya, sannan a ƙone waldar gaba ɗaya. In akwai karkata, bel zai yi ta kuka har ya tsinke a inda babu mai taimako.

To, ga inda ake gane gwani. An yi famfon nan ne don ya juya kan motar da ke ɗauke da buhuna, ba ƙaramar mota ba. Ƙarfin da yake tura mai da shi na iya fin abin da akwatin zai jure. Ranar da na fara yin aikin ni kaɗai, ina gama ɗaure tiyo na tayar da inji, na murza kan har ƙurya ina murna. Sai na ji "fus!", jan mai ya wanke min ƙafa. Sil ya fashe. Ogana bai ɗaga murya ba. Ya leƙo, ya ce, "Yaro, ka ɗaura wa jaki kayan raƙumi, me kake jira?"

Daga nan ya nuna min. Akwai ɗan bawul a bakin famfo, mai sifirin a ciki, wanda ke buɗewa ya mayar da mai baya idan matsi ya kai iyaka. Shi ne linzamin. Ana saka agogon awon matsi tsakanin famfo da akwati, a tayar da inji, a kai kan ƙurya na ɗan daƙiƙoƙi, a karanta, a saki nan da nan, don riƙewa tana dafa man. In allura ta haura abin da littafin akwatin ya ce, sai a kwance bawul. A wasu famfunan siraran washa ake ƙarawa ɗaya bayan ɗaya, ana sake awo. A wasu sai dai a sauya bawul ɗin ɗungurungum. Oga yakan yi haka sau uku, sau huɗu, bai gaji ba. Idan kuma kan ya yi sakwaf fiye da kima a guje, sai ya sa fuli mai ɗan faɗi don famfon ya rage gudu. Yaran yanzu ba su da wannan haƙurin, sun fi son a cire a sa sabo.

Tiyon da ke ɗaukar matsi, a kai a matse bakinsa da injin matse tiyo. Kilif na tiyon dawowa ne kawai. Tankin mai ya zauna sama da famfo.

Saura fitar da iska. A ɗaga gaba da jak, a zuba jan man giya, a yi ta kai kan hagu da dama inji a kashe, ana ƙara mai. Sannan a tayar. In mai ya yi kumfa ko famfo na gurnani, a kashe a jira, a sake.

Waccan motar da na ɓata wa sil, kwana biyu muka ƙara a kanta. Da mai ita ya zo, ya juya ta a ƙofar gareji da tafin hannu ɗaya, ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, anya tawa ce?" Oga ya nuna ni da sifana, ya ce a ba yaron nan kuɗin sabulu.