Idan za a koya miki kula da yaro mai asma ta bidiyo

Yara da yawa masu asma suna da magani a gida, amma kaɗan ne ke isa huhu, domin a baki da maƙogwaro yake tsayawa. Kuskuren yadda ake ba da shi ba ya fitowa a kiran murya, sai ido ya gani. Don haka idan nas ta ba ki lokacin kiran bidiyo, kada ki cinye shi da dogon bayani. Jingina wayar, ki zaunar da yaron inda haske yake, ki ba shi maganin a gabanta yadda kika saba, ba tare da jin kunya ba.

Za ta lura ko kin girgiza inhelar, ko fesa ɗaya kike yi a lokaci guda, ko yaron yana jan numfashi sau 5 zuwa 6 bayan kowace fesa. Ki tambaye ta batun sifesa, bututun da ake sawa tsakanin inhela da baki. A ganina, nan ne gyaran ya fi yawa. In babu sifesa, binciken Heather Zar a Afirka ta Kudu a 1999 ya nuna robar lemo mai mililita 500 tana aiki, sai nas ta nuna miki yadda ake huda ta.

Ki faɗa mata dare nawa tari ya tashe shi, da sau nawa ya shaƙi salbutamol, maganin buɗe numfashi. Ki ambaci hayaƙin itace, turaren wuta da ƙurar hunturu, idan yana shaƙarsu.

Amma idan ya kasa magana, ko haƙarƙari na lotsawa, ko leɓensa ya canza launi, ajiye wayar, ki fesa masa salbutamol, ki nufi asibiti nan take.