Me ya kamata maharbi ya ɗura wa bindigar toka?

Wani maharbi daga Shanga ya aiko da tambaya. Ya ce dalma ta yi tsada, abokan farautarsa sun koma ɗura guntayen rodi, ƙusoshi da ƙwallayen boris na keke, kuma suna dawowa da nama. Shin shi ma ya bi sahu?

Malam, kada ka bi. Dalilin yana cikin bututun bindigarka. Bindigar toka, wato adakar da ke hannun yawancin maharbanmu, daga Shanga har Ngaski, maƙeri ne ya haɗa ta, sau da yawa da bututun ruwa ko ƙarfen sitiyarin mota. Irin wannan ƙarfe ba a yi shi don ya jure fashewar albarushi ba, haƙuri kawai yake yi. Dalma tana da laushi, in ta tarar da ƙunci a hanya sai ta lanƙwasa ta wuce. Rodi da ƙusa ba sa lanƙwasa. Suna kankare cikin bututun duk harbi, wata rana kuma guda ya gitta ya toshe hanya. Ƙarfin da ya kamata ya fita ta baki sai ya nemi mafita ta gefe, daidai inda hannun hagu yake riƙe. Na sha ganin tsofaffin maharba da yatsu uku, kuma in ka tambaya za ka ji labarin kusan iri ɗaya ne.

Ko bututun bai fashe ba, guntun ƙarfe mai kusurwa ba ya tafiya a miƙe, juyawa yake yi a iska. Sai ka raunata gada ta shige kurmi ta mutu bayan kwana biyu, kai ba nama, ita ba rai.

Abin da ya dace shi ne dalma mai siffar ƙwallo, girmanta kuma ya bi girman abin da ka fita nema. Ga zabin daji, fakara, zomo da agwagin ruwa irin su kirinjijiya, ƙananan ƙwayoyi masu yawa ake so, domin su watsu su rufe wuri. Ga gada ko abin da ya fi ta, ƙwallo guda mai nauyi, wanda ya kusa cika bututun, a naɗe da ɗan ƙyalle mai maiƙo don ya zauna daram. Kada ka gauraya manya da ƙanana a ɗuri ɗaya da sunan maganin ko-ta-kwana, kowanne hanyarsa daban zai bi. Kuma ka san iyakar bindigarka. Cikin bututunta sumul yake, ba shi da zanen da ke juya harsashi kamar bindigar zamani, don haka in nisa ya wuce taku arba'in, sa'a kake nema. Ka matsa kusa, ko ka bar dabbar ta tafi.

Wajen ɗuri, ka danna harsashin da sanda har ya zauna a kan tsumman da ke bisa albarushi, kada a bar sarari tsakani, domin wannan sararin yana kumbura bututu. Ka yi alama a jikin sandar, ta nuna maka bindiga ɗure take ko wofi, don ɗuri biyu a kan juna ya kashe mutane da yawa. Hodar da ake farkewa daga harsashin bindigar zamani kuwa, ko ƙanƙanuwa kada ta shiga adaka. Ƙarfinta ya ninka na albarushin gargajiya nesa ba kusa ba.

Masu ɗura tsakuwa su ma su ji, domin tsakuwa kan kashe da bugu ba tare da huda ba. Malaman fiƙihun Malikiyya na baya sun halatta abin da harsashi ya huda ya zubar da jininsa, in an ambaci sunan Allah lokacin harbi. Abin da bugu ya kashe ba tare da huda ba, ba a kuma riske shi an yanka ba, mushe ne.

Sai dai dalmar da nake yabo guba ce, ba zan ɓoye maka ba. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Kada ka narka ta a tsakar gida, kada ka yi amfani da tukunya ko ludayin girki, kada kuma ka fasa tsohon batirin mota don ka same ta. In ka feɗe nama, ka yanke duk inda harsashi ya bi ka zubar, ka tsince ƙwayoyin kafin a sa a miya, musamman in yara ko mai juna biyu za su ci. A bakin tafkin Kainji akwai wata matsalar: ƙwayoyin da suka faɗa fadama, agwagi na haɗiye su tare da tsakuwa, gubar ta kama su. Irin wannan matsalar ce ta sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Tarayyar Turai ma ta hana a fadamu daga 2023. Su sun koma ƙwayoyin ƙarfe da aka ƙera wa bindigogi masu jurewa, abin da adaka ba za ta ɗauka ba. Kai abin da za ka iya shi ne rage harbin banza a kan ruwa.

Dorina kuwa, wadda ke ɓarnar shinkafa a gaɓar Neja wajen Yauri, babu harsashin adakar da ya dace da ita. Rauni kawai za ka yi mata, masunci a kwalekwale ya biya bashin gobe. A kai ƙara ga hakimi da jami'an gandun daji. Dajin gwamnati na Kainji, ɓangaren Borgu da na Zugurma, an haramta farauta a cikinsa. Bindigar toka ma tana cikin Dokar Makamai ta 1959, batun lasisinta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, don haka ka je ofishin 'yan sandan yankinku ka daidaita takardunka kafin farautar rani ta kama.