Gyaran Tsohon Kicin da Ɗan Abin da Ke Hannu

A gidajenmu da yawa falo ne ɗan mowa, kicin kuwa ɗan bora. Idan salla ta ƙarato a sauya labule, a yi wa kujeru sabuwar riga, a shimfiɗa kafet, amma ɗakin da ake dafa abin da kowa zai ci yana nan yadda magini ya bar shi shekara goma ko ashirin da suka wuce: bango ya yi baƙi ƙirin, daɓe ya farfashe, ƙofar kabad na reto da hinji ɗaya. Da an yi maganar gyara sai maigida ya ce sai kuɗi sun samu, domin a ransa gyaran kicin yana nufin tayil daga ƙasa har silin da kabad irin na gidajen masu hali. Ba haka ba ne. Mafi yawan abin da ke damun tsohon kicin hayaƙi ne da ruwa da duhu da tarkace, kuma dukkansu mutanen gida za su iya maganinsu da hannunsu. Sharaɗin kawai shi ne a fara da abin da ke cutarwa, ado ya biyo baya.

1. A fara da tambayar mai girki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya, maigida ya tambayi uwargida, ko duk wadda ta fi daɗewa a gaban murhu: me ya fi ba ki wahala a nan? Sau da yawa amsar ba za ta zama fenti ba. Za ta ce idona na yaji, ko bayana na ciwo saboda sunkuyo, ko ba ni da wurin ajiye tukunya in na sauke. A rubuta abubuwa uku da ta ambata, su ne za su ci kuɗin farko. Idan gidan haya ne, a sanar da mai gidan kafin a fasa bango ko daɓe, a kuma yi magana a fili kan ko za a cire kuɗin daga na haya.

2. A fitar da komai waje. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma shi ne rabin aikin. A baza tabarma a tsakar gida, a kwaso duk abin da ke kicin a zube. Za ku ga kulolin da murfinsu ya ɓata, da risho biyu da suka mutu, da jeren kwanukan aure da ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Abin da ake amfani da shi kullum ya koma ciki. Na baƙi da na azumi a ɗaure a kwali a kai ɗaki. Fasassun tukwanen alminiyon da tsoffin ƙarafa a sayar wa 'yan gwangwan, kuɗin ya shiga na fenti. Abin da yake da sauran amfani amma ba ku buƙata, akwai maƙwabciyar da za ta yi murna da shi.

3. A nema wa hayaƙi hanyar fita. Nan ne nake so a fi tsayawa, domin wannan maganar lafiya ce kafin ta zama ta kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki da itace da gawayi da kananzir take fitowa, tana sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3 a shekara. Mata da yaran da ke goye a bayansu su ne suka fi shaƙa. Baƙin da kuke gani a bango da rufi, irinsa ne ke shiga ƙirjin mai girki.

Hayaƙi sama yake yi, don haka taga ɗaya a daidai ƙirji ba ta isa ba. Ana buƙatar kafa biyu: ɗaya a ƙasa-ƙasa da iska za ta shigo, ɗaya can sama kusa da rufi, ta saman murhu, da hayaƙi zai fice. Birkila zai iya cire bulo biyu ko uku ya maye gurbinsu da bulo mai huda cikin rabin yini, sai a sa raga saboda ƙuda da ɓera. Idan taga tana nan amma an like ta da kwali tun wani hunturu, a cire kwalin yau. Masu girki da itace, abin da ya fi shi ne a fitar da murhun zuwa rumfa a tsakar gida, ɗakin ya zama na ajiya da haɗa miya. Gawayi kuma yaudara gare shi: ba a ganin hayaƙinsa sosai, amma yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Kada a taɓa rufe ƙofa da taga a kan kurfoti mai ci, komai sanyin da ake yi.

4. A kashe yoyo kafin a taɓa fenti. Fentin da aka shafa a bango mai danshi ɓarewa yake yi tun kafin kaka. A duba kwanon rufi da rana tsaka: duk inda haske ya leƙo, ruwa ma zai leƙo. Famfon da ke ɗiga yawanci 'yar robar ciki ce ta cinye, kuma sauya ta bai fi aikin minti goma ba idan an rufe ruwa daga waje. A bi bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke har zuwa kwata. Idan ruwa na kwanciya a gindin bango ta waje, a gyara masa gangare, domin daga nan danshi ke hawa bangon ciki.

5. A wanke bango sosai, sannan a yi fenti kashi biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne shafa sabon fenti a kan maiƙo da kunkunniya. Ba zai kama ba, kuma baƙin zai sake ɓullowa ta cikinsa. A fara da share rufi da tsintsiya mai dogon hannu, sannan a wanke bango da ruwan ɗumi da omo da soson waya, daga sama zuwa ƙasa. Inda maiƙo ya kafe, toka mai laushi tana taimakawa. A ɗauraye, a bar shi ya bushe kwana biyu. Idan za a kankare tsohon fentin mai, a jiƙa shi tukuna, a rufe hanci, a kori yara, a kwashe ɓawon a zubar nesa. Wasu tsoffin fentin mai suna ɗauke da dalma, kuma tun bala'in gubar dalma da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 babu wanda ke buƙatar a yi masa dogon bayani kan abin da take yi wa ƙananan yara.

Wajen fentin, a ja layi a bango daidai kafaɗa. Daga layin zuwa ƙasa a sa fentin mai, domin shi ne ake gogewa da tsumma ya fita fes. Daga layin zuwa sama fentin ruwa ya wadatar, kuma ya fi araha. Galan ɗaya mai lita 4 na fentin mai yakan isa shafi biyu a rabin bangon ƙaramin kicin. A zaɓi launi mai haske, ruwan madara ko ruwan ƙwai mai sauƙi. Na san masu cewa duhun launi ya fi ɓoye datti, amma dattin da aka ɓoye yana nan, kuma mai tsince shinkafa tana buƙatar gani. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, a kuma bar na farko ya kwana. Lokaci ma yana da muhimmanci: bayan ɗaukewar damina, kafin hazo ya sauka, shi ne daidai. Ƙurar hunturu tana mannewa a ɗanyen fentin mai ta bar shi da kaushi.

6. Tayil a inda yake da aiki kawai. Ba dole ne a zagaye ɗakin ba. Layi uku a bayan murhu da layi uku a bayan famfo su ne wuraren da mai da ruwa ke fallatsa. A kasuwar kayan gini irin ta Ƙofar Ruwa a Kano, ko wadda ke garinku, a tambayi ragowar kwali da waɗanda gefensu ya ɗan ɓantare, ana sayar da su ƙasa da farashi. Amma tayil mai santsi ba na ƙasan kicin ba ne, komai araharsa. Mace ɗauke da tukunyar ruwan zafi ba ta da haɗi da santsi.

7. Daɓe. Ramukan da ke daɓen siminti ba sai an kira kowa ba. A fasa gefen ramin har a kai ga mai ƙarfi, a share, a jiƙa, a cike da kwaɓin awo ɗaya na siminti da awo uku na yashi mai kaifi, a lailaye. A riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har mako guda, in ba haka ba zai tsage. Ledar ɗaki kuwa ba na ba da shawararta kusa da wuta: garwashi ɗaya ya isa ya huda ta, ruwa ya shige ƙasa ya kwanta, kyankyasai su samu gida.

8. A gina kanta daidai da girkinmu. Hotunan kicin da ake gani a waya an tsara su ne don masu girki a tsaye da ƙananan tukwane. Tuwon gida mai mutum goma ba a tuƙa shi a kan doguwar kanta. Mai tuƙi tana son ta zauna a kujera 'yar tsugunno, tukunya ta kafu a ƙasa-ƙasa, ta samu ƙarfin juya muciya. Don haka a yi hawa biyu: gajere mai kamar bulo ɗaya don babbar tukunya, da dogo don yanke-yanke da ƙaramin girki. Tsawon dogon yawanci tsakanin santimita 85 zuwa 90 ne, amma ma'aunin da ya fi shi ne ita mai girkin ta tsaya a auna, ya zo ƙasa da gwiwar hannunta kaɗan. Ƙafafun bulo da saman kankare sun fi katako daɗewa, gara ba ta cin su, ruwa ba ya kumbura su. Ƙarƙashin kuma ba sai an yi masa ƙofa ba, labulen atamfa a jikin waya ya isa, ana cire shi a wanke. A bar wa turmi kusurwarsa a ƙasa mai ƙarfi, nesa da tayil.

9. Tsohon kabad, in katakonsa na da rai, kada a yar. A soka masa sukundireba a ƙafa da baya. Idan ya nutse, gara ta gama da shi. Idan ya tsaya, a cire ƙofofin, a goge da samfefa, a shafa ragowar fentin mai, a sauya hinji da mariƙi, a ɗora shi kan bulo don kada ya taɓa ruwan daɓe. Sauran kaya a ba bango ya ɗauka. Falanki biyu a kan ƙarfen da mai walda zai lanƙwasa, da guntun bututu mai ƙugiyoyi don ludayi da mara da matankaɗi da faifai, za su sauke rabin kayan da ke ƙasa. Masu ƙira irin na Panteka a Kaduna suna yin ragar kife kwanuka daidai da awon da aka kai musu, kuma kusan kowane gari yana da irinsu. Baƙin man inji da wasu ke shafa wa katako saboda gara, a bar shi ga azarar rufi, kada ya kusanci inda abinci ke zama.

10. A toshe wa ɓera da kyankyaso hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a kicin kuwa wannan magana ce ta zahiri. Ƙaramin ɓera yana kutsawa ta kafar da ɗan yatsa zai shiga. A bi gindin bango da inda bututu ya ratsa, a cusa fasasshiyar kwalba, a like da siminti. A buga guntun kwano a ƙasan ƙofa, a sa raga a bakin kwata. Gari da shinkafa da sukari su koma bokitai masu murfi. Wake kuma a busar da shi sosai a ɗura a jarka mai tsabta har baki, a ɗaure murfin da leda. Ƙwaron da bai samu iska ba mutuwa yake yi. Wannan ya fi zuba fiya-fiya ko ƙwayar maganin rumbu a ɗakin da ake dafa abinci, abin da ya sha jefa iyalai cikin makoki.

11. Haske. A goge gilashin taga, a sauya tsohon ƙwan lantarki da na LED, wanda mai wat 9 ko 10 yake ba da hasken tsohon mai wat 60. A rataye shi ta saman wurin aiki, ba a bayan mai girki ba, don kada inuwarta ta rufe tukunya. A tanadi ƙusa ɗaya don fitila mai caji ko ta sola.

12. Gas da wayar wuta ba wurin tsimi ba ne. Akasarin abin da na lissafa a sama kuna iya yi da kanku, ban da waɗannan biyun. Soket ɗin da ya yi baƙi, ko wayar da aka haɗa aka naɗe da leda, a kira mai gyaran wuta. Tukunyar gas ta tsaya a tsaye, nesa da murhun gawayi, in da hali a waje cikin keji mai inuwa, tiyo ya ratso bango. Gas ya fi iska nauyi, idan ya zube ƙasa yake kwanciya, shi ya sa kafar nan ta ƙasa da na ambata take da amfani biyu. A duba tiyo duk wata, da ya fara tsatstsagewa ko ya yi tauri a sauya shi, a ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe. Gwajin yoyo da kumfar sabulu ake yi, ba da ashana ba: a shafa a mahaɗa, idan kumfa ta taso akwai yoyo. In kuwa an shiga aka ji wari, kada a taɓa makunnin wuta, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kowa ya fita har iskar ta washe.