Mata da Alƙalami a Ƙasar Hausa

Kowane yaro a ƙasar Musawa ya san Gizo da matarsa Ƙoƙi. In an tambaye shi wa ya ba shi labarinsu, da wuya ya ce ubansa ne. Galibi kakarsa ce, ko uwarsa, ko wata gwaggo, da dare bayan an ci tuwo, tana kaɗi tana yi wa yara tatsuniya. Haka nan waƙoƙin daka da na niƙa da na reno, duk na mata ne. Ashe tun kafin yaro ya riƙe allo, mace ce ke fara koya masa daɗin magana. Amma duk wannan a baki ya tsaya. Ba a rubuta shi ba, ba a kuwa riƙe sunan wadda ta ƙaga ko ɗaya ba.

A cikin labarun da, akwai matan da suka yi sarauta. An ce mata ne ke sarautar Daura har zuwa zamanin Daurama, lokacin da Bayajida ya zo ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Daga nan sarauta ta koma hannun maza. Kun kuma ji labarin Amina ta Zazzau, wadda ta yi yaƙe-yaƙe, har ana ce wa waɗansu tsofaffin ganuwoyi ganuwar Amina. To, amma ku lura da abu guda. Da Daurama da Amina babu wadda ta bar mana ko kalma ɗaya da hannunta. Abin da aka rubuta game da Amina, maza ne suka rubuta shi bayan ta daɗe da barin duniya, kamar Muhammadu Bello a littafinsa Infaƙul Maisuri. Shi ya sa har masana suke gardama a kan zamanin da ta yi.

Akwai wata mace wadda ba ta bari an faɗi maganarta a madadinta ba. Ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An haife ta a Degel wajen 1793. Tagwaye ne ita da Hassan. Bisa al'ada, da Husaina za a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata suna Asma'u.

A wannan zamani mata da yawa ba su san karatu ba, har da matan malamai. Wannan abu ya dami Shehu ƙwarai. A cikin littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke tara almajirai suna koya musu ilmi, alhali kuwa matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida a jahilci. Har wani malami ya taɓa sukar Shehu don yana barin mata su zo wurin wa'azinsa. Sai Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, ya nuna cewa barin mata cikin jahilci shi ya fi muni. A irin wannan gida Asma'u ta tashi. Ta haddace Alƙur'ani, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuwa yi rubutu da dukansu uku.

Tana da shekara kamar 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Ta ga yaƙi, ta ga yunwa, ta ga yadda mata da yara suke shan wahala in gari ya tashi. Daga baya ta auri Gidado ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato.

Da ƙasa ta zauna, sai Asma'u ta duba ta ga matan ƙauye sun fi kowa nisa da ilmi. Mace ce mai miji da 'ya'ya, ga daka, ga ɗebo ruwa, ga kaɗi. Ba ta da halin barin gida ta tafi birni ta zauna gaban malami. To, ƙaƙa za a yi ilmi ya kai gare ta?

Ga dabarar da Asma'u ta yi. A ƙauyuka sai ta zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, ta naɗa ta shugaba. Ana ce wa wannan shugaba jaji. Takan ba ta malfa da jan rawani, don duk wanda ya gan ta a hanya ya san ko ita wace ce, ya girmama ta. Jaji ita ke tattara tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana waɗanda ba su isa aure ba, ta jawo su a ƙasa har gidan Asma'u. Waɗannan su ake kira 'yan taru. Sukan zo da 'yar sadakarsu, watau hatsi ko zuma ko man shanu ko zare, Asma'u kuwa ta raba wa mabukata. Sa'an nan ta zaunar da su ta koya musu, su koma gida su koya wa matan auren da ba su sami zuwa ba.

Da waƙa take koya musu. Kada ku ɗauka wasa ne. Matar da ba ta iya karatu ba tana iya riƙe waƙa a ka, ta riƙa rerawa tana niƙa, ɗiyarta tana ji. Waƙa kuma tana da ma'auni, in an yar da kalma ɗaya kunne zai ji ta karye, saboda haka ba ta saurin gurɓata kamar zance. A cikin waƙoƙin nan akwai sunayen surorin Alƙur'ani, da tarihin Annabi, da labarin Shehu, da horo a kan gaskiya da haƙuri da kyautata wa maƙwabci. Akwai wadda ta tsara musamman a kan mata masu albarka na da, don matan ƙauye su san akwai irinsu da suka yi ilmi. Ayyukanta da suka iso gare mu sun kai kamar 60. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin 'yan taru.

Da boko ya shigo, sai mata suka sāke zama a baya, gama yara maza aka fi kaiwa makaranta. A 1933 aka yi gasar rubuta labarai da Hausa a Zariya, aka sami littattafai biyar, cikinsu har da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Jiki Magayi. Duka maza ne suka rubuta su. Akwai mata a ciki, kamar uwar Umar da ta bi sawun ɗanta har cikin hamada, da Zainabu wadda aka rinjaye ta da dukiya ta bar saurayinta. Amma yadda maza suka gan su haka aka ba da labarinsu. Ko jefa ƙuri'a ma, matan Arewa ba su sami dama ba sai 1976, bayan irin su Gambo Sawaba ta Zariya sun sha ɗauri a kan maganar.

Sai a 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, labarin wata yarinya Bafilatana da ta tsaya a kan wanda take so. Bayanta mata suka yi ta fitowa. A nan kudancin Katsina ma muna da tamu, watau Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda ta rubuta Allura Cikin Ruwa. A littattafanta takan nuna yarinyar da ta dage da karatu har ta zama abin dogaron gidansu. A 2023 kuma aka naɗa Hannatu Musawa, lauya 'yar asalin garin nan, ministar da ke kula da al'adu da fasaha a Nijeriya.

Duk da haka, har yanzu akwai kujerun da kan zama babu kowa a aji. In kaka ta yi, wata yarinya tana gona wajen cirar auduga, wata tana yawon talla ran kasuwa, wata kuwa an cire ta tun ba ta gama aji shida ba. 'Yan taru sukan yi tafiyar kwanaki a ƙasa don su koyi waƙa guda, ita kuwa wannan makarantar tana bayan gidansu.

Tambayoyi

1. Don me ba mu da maganar Amina ta Zazzau daga bakinta?
2. Wace ce jaji, kuma da me ake gane ta?
3. Me ya sa Nana Asma'u ta zaɓi waƙa don koyar da matan ƙauye?
4. Ku roƙi wata tsohuwa a gidanku ta yi muku tatsuniya ɗaya. Ku rubuta ta da kyau, ku sa sunan tsohuwar a ƙarƙashi, ku kawo wa malam.