Ido, Kyamara da Hasken Ɗakin Hoto

Kafar da ke tsakiyar baƙin idon ɗan Adam ba ta zama a girma ɗaya. A tsakar rana takan tsuke har faɗinta ya koma kamar milimita 2, a cikin duhu kuma ta buɗe zuwa wajen milimita 8. Tun da faɗin ya ninka sau huɗu, filin da haske ke bi ya ninka sau 16 ke nan. Ido yana wannan aiki ba da sanin mai shi ba. A ɗakin hoto kuwa, mai ɗauka ne zai yi wa kyamara shi da hannunsa, kuma a nan mai koyo yakan fara tuntuɓe.

Ita ma kyamara tana da ƙofar haske a cikin gilashinta, wadda ake aunawa da lambobi: 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Abin da ke rikita ɗalibi shi ne babbar lamba ƙaramar ƙofa take nufi. Daga 5.6 zuwa 8 haske ya ragu da rabi, daga 8 zuwa 11 ya sake raguwa da rabi. Akwai kuma marufi mai ƙiftawa kamar fatar ido, amma inda ake aiki da filasha tasirinsa kaɗan ne, domin walƙiyar filasha ta fi ƙiftawarsa sauri nesa ba kusa ba. Akan bar shi a kan kashi ɗaya cikin 125 na sakan, a mai da hankali ga ƙofar.

Fitila ɗaya ta isa a fara da ita. In aka kafa ta daidai saitin kyamara, inuwa takan ɓace, fuska ta fito a baje kamar faifai. Shi ya sa akan gusar da ita gefe da kusan digiri 45, a ɗaga ta sama da kai kaɗan, har inuwar hanci ta haɗu da ta kunci, a bar ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin ido. Ana kiran wannan tsari da sunan Rembrandt, mai zanen ƙasar Holan da ya rasu a 1669. Ɗaya gefen, farin kwali ya wadatar wajen mayar da haske.

Nisan fitila yana da tasa doka. In aka janye ta daga mita 1 zuwa mita 2, ba rabin hasken ke isa fuska ba, rubu'insa ne. Ƙofar da take kan 8 sai ta koma 4.

Babbar matsala ita ce ta fata. Sinadarin melanin yana shanye haske mai yawa, saboda haka baƙar fata ba ta mayar da shi kamar fara. Ma'aunin da ke cikin kyamara kuma an gina shi ne a kan zaton cewa abin da ke gabansa ruwan toka ne, mai mayar da kimanin kashi 18 cikin ɗari na haske. To, in baƙin mutum ya zauna cikin farar babbar riga, farin yakan ruɗi ma'aunin ya rage haske, riga ta yi toka-toka, fuska ta dushe sai idanu. Laifin ba na fatar ba ne. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa daidaita launin hotuna da katin da ke ɗauke da hoton farar mace, sai a 1995 ya fitar da mai ɗauke da mata masu launi daban-daban.

Maganin shi ne a auna haske a kan kati mai ruwan toka da aka riƙe dab da fuska, a bar rigar. Sa'an nan a faɗaɗa hasken ta hanyar harba filasha cikin farar laima, domin siffar baƙar fuska daga sheƙin goshi da kumatu take fitowa. Ƙaramar fitila tana sa sheƙin ya zama ɗigo mai kama da gumi, faffaɗa kuwa tana shimfiɗa shi.

Malami na iya nuna dokar nisa a aji da tocila wadda aka cire wa madubi da farar takarda: a rufe tagogi, a riƙe takardar a taku ɗaya, sa'an nan a taku biyu, ɗalibai su kwatanta haskenta.